Dogo Zai Zo Ikko

Ƙarfi, ƙasar Malumfashi,
15 ga Disamba, 1969.

Zuwa ga Yaya Baturiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƙaninki Mamuda ne ke gaishe ki daga gida, gaisuwar ban girma da ta kewa. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ki lafiya, ke da Alhaji da yara da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarku a can Agege. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a goron Alhaji, ya raya yaran, ya kuma kawo mana ƙarshen wannan yaƙi da ya cinye samarin mutane. Barkanmu da shan ruwa, barka da salla. Mun yi tamu lafiya, sai dai ba ta yi armashi kamar ta da ba, don gidaje da yawa a nan Ƙarfi suna da wanda suke jira bai dawo ba.

Inna tana nan da sauƙi. Gwiwoyin ne dai suka ƙi, idon hagun kuma ya ƙara yin hazo, amma har yanzu ita ke tsince wakenta, ba ta yarda kowa ya sa mata hannu. Atamfar da kika aiko ta hannun Malam Shitu mai fataucin shanu ta iso kafin azumi. Ta ɗaura ta ranar salla, duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta ji daga inda atamfar ta fito. Matata Hansai da yara suna lafiya, ƙaramar ta yi ƙyanda da damina amma Allah ya tashi kafaɗunta. Dawa ta yi kyau bana, mun cika babban rumbu. Gyaɗa ce ba ta yi ba, ruwa ya ɗauke mata tana tsakiyar zuba 'ya'ya. Auduga kuwa ga ta can fari fat a gonar bakin rafi, rabi ba a tsinka ba. Ni da Hansai da Lauratu matar Dogo muke ta fama da ita, Lauratun ma ciki ya tsufa, ba ta iya sunkuyo sosai. Ni kaina bayana ya fara ciwo, in na sunkuya da safe sai na nemi abin dafawa kafin in miƙe.

Yaya, maganar Dogo ce ta sa na zauna rubuta wannan doguwar takarda. Zai zo Ikko, kuma ba ziyara ba, aiki zai kama. Muna roƙon ki da Alhaji ku sauke shi a gidanku har ya san gari. Na san ba za ki ƙi ba, ƙaninki ne ciki ɗaya. Amma na ga bai kamata in turo miki shi haka kawai ba, don rabonki da shi tun shekarar da kika yi aure, kuma abin da kike ji a bakin fatake guntu-guntu ne: an ce ya ci kofi, an ce hotonsa ya fito a jarida. Ni da nake tare da shi a duk inda aka je, ni ya kamata in ba ki labarin tun daga tushe, ki san wanda za ki tarba.

Kin tuna yadda kika bar shi. Kububuwa ta sare shi a gonar auduga yana ɗan saurayi, muka tsaya maganin gida har ƙafar ta ruɓe, da aka kai shi asibiti ba abin da ya rage wa likita sai ya yanke ta daga saman gwiwa. Ya dawo ya shige ɗakin marigayi Baba ya juya wa ƙofa baya. Yaron da Baba ke ɗauka farauta, wanda ke jifan zomo da mashi yana cikin gudu, ya koma sai an tura masa kwanon tuwo ta gindin asabari. Ranar da za ku kama hanya ke da Alhaji kin tsaya a ƙofar ɗakin kina kiran sunansa, bai amsa ba, kika tafi kina kuka. Haka ya ci gaba bayan tafiyarki har damina ta sake zagayowa.

Ranar bikin mulkin kai aka ce za a yi wasannin 'yan makaranta a Malumfashi. Na shiga ɗakin na ce masa ko ya so ko ya ƙi yau sai ya ga rana. Na ɗauko shi kamar buhu na ɗora a bayan keke, yana zagina har muka hau titi. A filin muka tarar yara suna jifa da wani irin mashi siriri, ba don su kashe komai ba, sai don a ga na wa zai fi nisa. Mai kula da su wani malami ne Bayarabe, Malam Kayode, ɗan wani mai shagon yadi a Funtua. A can aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya lura Dogo bai ɗauke ido daga mashin ba, sai ya zo ya miƙa masa, ya ce ko zai gwada. Dogo ya miƙe a kan gwafar da na sassaƙa masa, ya ja hannu baya ya saki. Yaya, mashin a gabansa ya faɗi, shi ma ya bi shi ya kife da fuska. Fili ya ɗauki dariya. Na ɗaga shi bakinsa cike da ƙasa, na ce a raina shi ke nan, na kashe shi da hannuna, ba zai ƙara fitowa ba. Washegari da sassafe na ji ƙara a bayan gida, na leƙa, sai ga shi da tsohon mashin Baba yana jifa yana faɗuwa, yana jan jiki yana ɗaukowa.

Bayan 'yan kwanaki Malam Kayode ya biyo sawu har gida da wani tsohon mashin makaranta da ya ɗan lanƙwashe. Ya ce shi bai yi dariya ba, don ya ga yadda kafaɗar ta juya, kuma bai taɓa ganin irinta a jikin ɗalibi ba. Ya ce in ana kawo shi Malumfashi duk Asabar zai koya masa. To wa zai kai shi? Ni ne. Malamin ne ya haɗa mu da wani kafinta Inyamuri a kasuwar Funtua, Donatus, mutum mai yawan raha. Donatus ya sa Dogo ya yi ta jifa a bayan rumfarsa yana kallon inda gwafar ke zamewa, sannan ya sassaƙa masa sanda da icen maɗaci, ya yi mata matashi na fata cike da auduga a wajen hammata, ya sa mata tsinin ƙarfe a gindi don ta kama ƙasa. Da ita Dogo ya samo salonsa. Sauran masu jifa da gudu suke zuwa. Shi sai ya yi tsalle kaɗan a kan ƙafarsa ɗaya, ya kafa sandar a inda ƙafar hagu za ta tsaya da tana nan, ya jefa dukan jikinsa a kanta, mashin ya tafi. Abin da ba su iya gyarawa ba, shi da malamin da kafintan, shi ne faɗuwar. Duk jifa ɗaya faɗuwa ɗaya ce, don ba ƙafar da za ta tare shi. Aikina shi ne in tsaya a gefe, in ya faɗi in ɗaga shi, in kakkaɓe shi, in miƙa masa sandar.

Ba wata gasa ta guragu a ƙasar nan, da masu ƙafa biyu yake karawa. Ya fara cin wasan Malumfashi, aka ce sa'a ce. Da aka tafi na lardi a Katsina sai wani alƙalin wasa ya hana shi shiga, ya ce sandar taimako ce, kamar mutum ne ya zo da ƙafa uku. Malam Kayode ya yi ta bayani da Turanci har jijiyar wuyansa ta tashi, mutumin ya ƙi. Dogo yana zaune a ƙasa yana ɗaure takalminsa, ya ɗago ya ce a gaya wa alƙali duk wanda ke ganin riba ce, ya naɗe ƙafarsa ɗaya ya ɗaure, shi zai ara masa sandar kyauta. Sauran masu jifan suka fashe da dariya, su da kansu suka ce a bar shi. A ranar mashinsa ya wuce tutar kowa. Na ga dattawa masu furfura suna tsallake igiya don su taɓa kafaɗarsa. Daga nan shekara bayan shekara kofin lardi ba ya wuce gidanmu. A nan Lauratu ta gan shi, ta je kallo da 'yan uwanta daga Matazu, ta koma gida ta ce ita ta ga miji. Iyayenta sun ja, ta fi su ja.

Babbar ranarsa ita ce ta Kaduna, shekara guda kafin tashin hankali. Can an tara 'yan sanda da sojoji da 'yan kwaleji, ƙarti majiya ƙarfi, kowa da takalmi mai ƙusa. Har zagaye na ƙarshe wani ɗan sanda ne a gaba. Dogo ya ce mini in matsa baya, kada in tsaya kusa. Ya yi jifan da ban taɓa ganin ya yi irinsa ba, na ji ƙarar fitar numfashinsa daga inda nake. Ya faɗi a kan haɓa, haƙorinsa na gaba ya karye, yana kwance jini na zuba aka ɗaga tuta aka ce shi ne zakara. Hoton da kika ji labari a nan aka ɗauka: yana ƙasa yana dariya da karyayyen haƙori, ni kuwa ƙafafuna kawai suka fito a gefe. Da muka kai wa Kawu na Gozaki jaridar, kin san shi har yau yana kan al'adar kakanni, bai karɓi salla ba, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya tambaya me yaron ya kashe. Muka ce ba a kashe komai, ƙasa ake soka. Ya ce to lalle ƙasar Kaduna ta yi wa wani laifi. Amma da za mu tafi ya kama wa Dogo zakara, ya rako mu har bakin hanya, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.

Wannan shi ne abin da mutane suka gani, Yaya. Bari in gaya miki wanda ba su gani ba, don ke ce babba, ba ni da wanda zan faɗa wa in ba ke ba. Na gaji. Duk Asabar ta duniya, rani da damina, ina tuƙa ƙato a bayan keke zuwa Malumfashi in dawo da shi, ga mashi ɗaure a jikin keken yana dukan cinyata. In ruwa ya cika rafi in goya shi in ƙetare, in dawo in ɗauki keken. Ranar da maƙwabta ke noman farko ni ina bakin fili ina kakkaɓe wa mutum riga. Sau nawa ciyawa ta ci mana gero, sau nawa Hansai ta yi huɗa ita kaɗai da goyo. In an ci a dawo da makaɗa har ƙofar gida, a yi ta kirarin Dogo mai mashi, washegari kowa ya watse, a bar ni da gasa masa jiki da ruwan zafi, don gwiwar hannunsa da ƙirjinsa duk tabo ne a kan tabo. Kofunan suna nan jere a ɗakin Inna, ɗaya tana ajiye irin kuɓewa a ciki, ɗaya allura da zare. Ba ina ƙorafi da shi ba ne. Bai taɓa cin abu bai raba da ni ba, kuma da idona na ga yadda mashin nan ya fito da shi daga kabari. Amma jiki jiki ne, nawa ma ya san an yi.

Sai shekarar tashin hankali ta zo. Ba sai na ba ki labari ba, kun ji. Donatus ya samu ya fita da iyalinsa a jirgi, daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsa ba, ko yana raye ko ya mutu Allah ne masani. Dogo ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Da yaƙi ya tashi Malam Kayode shi ma ya koma Kudu, wasanni suka yi sanyi. Na ce a raina to, an huta. Ina! Dogo ya ci gaba da jifa a bayan gida shi kaɗai. Sandar Donatus ta tsufa ta tsage, muka kai wa kafintoci a Funtua da Malumfashi, kowa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ba wadda ta zauna masa daidai, wata ta yi tsawo, wata ta zame. Da ranin bara aka sake buɗe gasar lardi, na roƙe shi ya haƙura, ya ce sau ɗaya dai. A jifa na biyu sandar ta zame, ya saki mashin a karkace, na ji kafaɗar ta yi ƙara kamar an karya kara. Wani yaro ɗan kwaleji ya ci. Dogo ya miƙa masa hannun hagu ya yi masa barka, sannan ya ce in kai shi gida. Maɗori ya yi nasa, likita ma ya duba, duka biyun bakinsu ɗaya: in ya sake jifa da ƙarfi, wata rana ko loma ba zai iya kaiwa baki da hannun ba.

Daga nan ya fara komawa gidan jiya. Bai shige ɗaki kamar da ba, amma sai ya wuni a gindin tsamiya yana tufkar igiya, in ka yi masa magana ya amsa da kai. Lauratu ta ce mini ta gaji da kallon ƙeyarsa. Ana cikin haka, gab da azumi, sai ga Malam Kayode da kansa, ya zo duba iyayensa a Funtua ya ƙaraso. Ya rame, ya yi furfura. Ya ce yanzu a wani asibiti yake aiki a Ikko inda ake kawo sojojin da suka ji rauni, shi ke motsa musu jiki bayan an yi musu aiki. Ya ce ɗakuna cike suke da samari, da yawa 'yan ƙasarmu ne, wani ba ƙafa, wani ba hannu, sun juya wa bango fuska, ba sa ci ba sa magana. In ya ce su tashi su gwada sanda sai su dubi ƙafafunsa biyu su kau da kai. Wani ma ya ce masa ranar da aka yanke tasa ya dawo su yi magana. Ya ce ya nuna wa babban likitan wurin hoton jaridar nan, likitan ya yarda a ɗauki Dogo ya riƙa taimaka masa, ya koya musu tafiya da sanda, ya fita da su fili su motsa jini. Duk maganar nan Dogo yana tufka bai ɗago ba. Da malamin ya gama sai ya tambaye shi abu ɗaya, ya ce yaran nan, akwai mai zama kusa da su in an kawo abinci, ko ajiyewa ake yi a tafi? Malamin ya ce ajiyewa ake yi, ma'aikata sun yi kaɗan. Dogo ya ce zai zo.

Azumin bana a cikin gardama muka yi shi. Inna ta ce Ikko ta cinye mata 'ya ɗaya, shekaru ba ta sa ta a ido ba, ba za ta ƙara mata da gurgu ba, ga yaƙi. Ki yi haƙuri da maganar, kin san bakin Inna, kewarki ce. Lauratu ta ce ya tafi, ita za ta haihu a gaban Inna, in ya samu wuri ta biyo shi. Ni na tsaya a bayan Inna. Na ce masa mutumin da bai taɓa wuce bakin kasuwar Ƙarfi ba in ba tare da ni ba, wa zai hau da shi jirgi, wa zai sauke shi, wa zai tare masa mota a garin da aka ce mutane ba sa kallon gabansu? Wata safiya cikin goman ƙarshe na tafi gona, na dawo da azahar ba ya gindin tsamiya. Muka duba ko'ina. Sai gab da shan ruwa ga shi ya ɓullo ta hanyar titi, yana ɗingishi a hankali, rigarsa jiƙe da gumi, hammatarsa ta saluɓe har jini ya ɓata matashin sandar. Ashe titi ya fita shi kaɗai, ya tare motar auduga zuwa Funtua, da azumi a bakinsa. Ya je tasha ya tambayi ranar jirgi, ya nemo Malam Shitu a kara, wato kasuwar shanu, ya ji ranar da zai sauka Kudu, suka shirya tafiya tare. Ya zauna a kan turmi, ya sha ruwa, ya ce wa Inna ga shi ya je ya dawo, ba wanda ya ɗauke shi. Inna ta yi kuka ta gaji, ta ce Allah ya tsare. Ni kuwa na tashi na dafa masa ruwan zafi.

To ga yadda aka tsara. Za su taso daga Funtua Talatar farko ta watan Janairu, su canza jirgi a Zariya, Malam Shitu ya san hanya, zai sauke shi a tashar Agege. Alhaji ya taimaka ya sa a bincika ranar isowar jirgin a tarbe su. In da hali a ba shi ɗakin da ba hawa, kusa da ƙofa. Kafaɗar tana son ruwan zafi da man kaɗanya kowace safiya, Lauratu za ta haɗo masa man, amma ba zai tambaya ba, sai dai ki sa a kai masa. An ce garinku akwai laima, dungulmin yakan kumbura in ya ji sanyi, ki sa ido. Ba ya son yawan sannu, kuma kada kowa ya ɗauke masa sanda da sunan gyara wuri, ko barci yake tana jikinsa. In kin gan shi kada ki yi kuka a gabansa, na san ki. Ba ya cin kifi, ban san yadda za ku yi da shi a Ikko ba.

Babban roƙona kuwa shi ne wannan. Ya rantse wa Inna koyarwa kawai zai yi, ba zai yi jifa ba. Ni na san ƙaryar da ba ta da mugun nufi in na ji ta. Ranar da ya tara yaran nan a fili, ɗayansu ya ce ba zai yiwu ba, wallahi sai ya karɓi mashin ya nuna musu. Ni na yi magana har bakina ya gaji, ya daina jin tawa. Yana jin nauyin Alhaji, ke kuma yana jin kunyarki tun abin da ya faru ranar tafiyarki, ya sha faɗa mini. Ku yi masa magana tun ranar farko, ku kuma nemi Malam Kayode ku gaya masa abin da likita ya ce, don na tabbata Dogo bai gaya masa duka ba. Sannan ki riƙa rubuto mini gaskiyar halin da yake ciki. Shi in ya aiko, lafiya lau kawai za mu ji.

Inna tana gaishe ki, ta ce ki turo mata hoton yaran tun idon daman yana gani. Hansai da Lauratu suna gaishe ki da kyau. Kawu ya aiko a gaishe ki, ya ce har yanzu yana jiran tabar da kika yi masa alkawari. Ki miƙa gaisuwata ta girmamawa ga Alhaji, da godiya tun kafin a yi. Ki shafa mini kan Nana da Abdussamad, ki gaya musu kawunsu mai mashi yana tafe, su yi masa ladabi. A gaida maƙwabciyarki Maman Morenike da ta tsaya miki lokacin haihuwa, Allah ya saka mata.

Jiya da la'asar ya biyo ni gonar bakin rafi, ya zauna a kan kunya yana tsinkar auduga da hannun hagu yana ja da baya, har muka cika buhu. Da za mu tashi ya ce yana da roƙo: ranar tafiya kada in raka shi tasha, mu yi sallama a gida, in tsaya in ƙarasa audugata, na yi mai isata. Na ce to. Amma ke zan gaya miki, ranar ina da auduga da zan kai Funtua ko ba ni da ita. Akwai tarin buhunan gyaɗa a gefen tashar, in mutum ya tsaya a bayansu yana ganin jirgi, na cikin jirgi ba ya ganinsa. Zan tsaya har in ga ya hau ya zauna. Kada ki gaya masa.

Allah ya sada mu da alheri, ya sa mu gana da rai da lafiya.

Ni ne ƙaninki,
Mamuda.